Yaron da ke raɓe a gidan kawunsa, wa ya san da shi a makaranta?

Duk sanda hira ta biyo ta kan rayuwar Amurka tsakanina da mutanen gida, na ce musu a ƙasar nan akwai 'yan makaranta sama da miliyan ɗaya da hukuma ta rubuta a matsayin marasa matsuguni, amsar kusan iri ɗaya ce. Wani ya ce Allah Ya kyauta. Wani ya ce ai dama Bature bai san dangi ba. Wani ya ce mu a Jos ko me ya faru ba ka rasa inda za ka sa haƙarƙarinka. Wannan na ƙarshen ba na musu da shi. Abin da ba su sani ba shi ne, mafi yawan yaran nan ba a titi suke kwana ba. Kusan uku cikin huɗu suna gidan 'yan uwa ne ko na abokan iyayensu, saboda an tashe su daga haya, ko gobara ta ci gidan, ko aikin uba ya tsaya. Wato irin zaman da mu muke yi mu ce alhamdu lillahi an rufa asiri, shi ne a nan doka ta ce makaranta ta buɗe ido a kansa. Da za a ɗauki wannan ma'aunin a zagaya da shi Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da Bukuru, da littafin rajista ya cika tun kafin azahar.

Motar 'yan makaranta nake tuƙawa a Bronx, cikin birnin New York, irin mai ruwan ɗorawar nan da kuke gani a talabijin. A birnin kaɗai, shekara da shekaru ke nan ana ƙirga yara sama da 100,000 kowace shekara da ba su da tsayayyen wurin kwana. Wasu daga cikin wuraren da nake tsayawa gidajen da hukuma ke saukar da iyalai ne na wucin gadi. Ba allo a ƙofa, ba wata alama. Ka tsaya cikin duhun asuba, uwa ta fito sanye da rigar aikinta, ta miƙo maka yarinya 'yar shekara bakwai da hula har ido, yarinyar ta hau, ta yi matashi da jakarta, ta koma barci. Makarantarta na can wata unguwa mai nisa, inda suke zaune kafin a tashe su. An canja musu wurin kwana, amma ajinta bai canja ba, malamarta ba ta canja ba, ƙawayenta suna nan.

Ba tausayin shugaban makaranta ne ya kawo haka ba, doka ce. Sunanta McKinney-Vento, daga sunayen wasu 'yan majalisa biyu. Shugaba Reagan ya sa mata hannu a 1987, an kuma sake ƙarfafa ɓangarenta na ilimi a 2015. Ta ce yaron da ya rasa matsuguni a ɗauke shi makaranta nan take, ko da babu takardar haihuwa, babu katin rigakafi, babu sakamakon tsohuwar makaranta, babu shaidar adireshi. Ya fara shiga aji, makarantar ce za ta bi sawun takardun daga baya. In iyaye sun fi son ya ci gaba a tsohuwar makarantarsa, kuma hakan ya fi masa, hukumar ilimi ce za ta san yadda za ta kai shi ta dawo da shi. Abincin makaranta kyauta ne gare shi ba sai an cike wata takarda ba. In gardama ta tashi tsakanin iyaye da makaranta, yaron na cikin aji ake yin ta. Ba a ware su a wani aji na daban, kuma ba a baza labarin inda suke kwana. Sannan kowace hukumar ilimi ta yanki dole ta naɗa mutum guda, da sunansa da lambar wayarsa, wanda aikinsa ne ya nemo irin waɗannan yaran.

A cikin duka, wannan na ɗauka nan take ne ya fi tsaya mini a rai, domin na san kishiyarsa. A watan Yulin 2012 ruwa ya yi ɓarna a Jos, ya ci rayuka, ya rushe gidaje a Rikkos da Gangare da kewaye. Gidan da ƙanwata take haya na cikin waɗanda ruwa ya shiga har taga. Suka kwashe abin da ya saura suka koma wajen kawunmu a wata unguwa, ita da 'ya'yanta a ɗaki guda. Da aka koma hutu ta ɗauki manyan biyu ta kai su firamaren da ke kusa. Hedimasta ya tarbe ta da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Hajiya, ina takardar canjin makaranta da katin sakamakonsu?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya tafi da komai." Ya ce to ta koma tsohuwar makarantar a sake rubuta mata. Ta je can, aka ce akwai ragowar kuɗin PTA, wato na ƙungiyar iyaye da malamai, sai an biya. Ta dawo, aka ce a ɗinko yunifom tukuna. Ranar da ta kira ni, cewa ta yi, "Yaya, ni fa na gaji da zirga-zirga, bari dai a ga zango mai zuwa." Babu wanda ya kori yaran nan. Kowa ya bi ƙa'idarsa, zango guda ya wuce suna gida.

Kuma su masu sa'a ne, suna da ɗan uwa a waje da zai turo kuɗi. Ku tuna sau nawa garin Jos ya kwashe mutane daga gidajensu: Satumban 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, ga na Mangu da Bokkos a 2023 da suka watso jama'a garuruwan kusa. Kowane karo ana ƙirga gawa, ana ƙirga gidajen da aka ƙone, wani lokaci har buhunan shinkafar da aka raba. Ban taɓa jin an tashi a taron manema labarai an ce ga adadin yaran da suka fita daga aji, ga kuma adadin da suka koma ba. Abin haushi ma, a Filato makaranta takan ba da mafaka ta wata fuskar. In ƙura ta tashi, firamare na cikin wuraren farko da ake buɗe wa masu gudu, tare da coci-coci da masallatai. A jingine bencina a bango, a shimfiɗa tabarmi, a kafa murhu a filin wasa. Yaran da suka zo ba sa karatu, yaran da suka tarar su ma karatunsu ya tsaya.

Ba komai na dokar Amurka ne zai zauna a Jos ba, wannan na sani. Ɗauki batun ci gaba da zuwa tsohuwar makaranta. A Amurka matsalar nisa ce da kuɗin mota. A Jos, tun bayan rikice-rikicen nan gari ya rabu, Musulmi sun tattaru a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Iyalin da suka gudu daga unguwa sau da yawa ba ruwa ko haya ce ta kore su ba, tsoro ne. Ba uwar da za ta sa ɗanta a keke kullum safe ya tsallaka zuwa inda aka ƙone musu gida don wai makarantarsa na can. Don haka a wurinmu nauyin ya koma kan makarantar da ke sabuwar unguwar, ita ce ya kamata ƙofarta ta kasance a buɗe ba tare da dogon bincike ba.

Sai batun zumunci, wanda muke tinƙaho da shi, kuma da gaskiyarmu. Na ga tsofaffi a nan suna kwana a tashar jirgin ƙasa alhali 'ya'yansu na raye, abin da a Dilimi ko 'Yan Shanu sai an yi shekara ana zancensa. Amma zumunci ɗaki yake bayarwa da tuwon dare, ba kasafai yake kaiwa ga kuɗin jarrabawa ba. Mai gida na da nasa 'ya'yan, shi ma da ƙyar yake sauke nasu. Yaron da aka kawo ya san matsayinsa tun ranar farko. Ba ya tambayar kuɗin littafi. In an ce gobe kowa ya zo da kuɗin kaza, sai ya ƙi zuwa goben, don kada ya buɗe baki a gidan da ake yi musu alfarma. Yarinya kuwa tata ta fi sauri. Ita ce wanke-wanke, ita ce ɗebo ruwa cikin sanyin Disamba da ke fasa leɓe, ita ce raino. Daga nan gwaggo ta ce tunda kina zaune ɗauki farantin nan ki kai Farin Gada ko Terminus. Ba mugunta ce ta sa gwaggo ba, gidan ne ya ƙaru da baki huɗu. Malamin aji ya kira suna sati biyu ba amsa, ya ja layi. In an tambaye shi ya ce sun tashi. Kunya ce ke rufe sauran, domin ba magidancin da zai je ofishin hedimasta ya ce ni fa yanzu raɓe nake.

Wani zai ce ai mu ma muna da dokoki. Muna da su. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 sun ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. A 2023 an kafa hukuma ta musamman don almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Sai dai waɗannan dokokin da yaro gaba ɗaya suke magana, kamar kowane yaro yana da ɗaki da akwatin ajiye takardu. Ba su gaya wa hedimasta abin da zai yi ranar Litinin da safe in mace ta tsaya a gabansa da yara biyu hannu rabbana ba. Kuma in yaro ya girma takardun ƙaruwa suke yi: tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN.

Kada kuma a ɗauka nan aljanna ce. Dokar ta tsare wa yaro kujerarsa a aji, ba ta ba uwarsa ɗaki ba. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke warewa shirin a shekara, in ka raba shi kan yawan yaran, bai kai dala 100 kowane ɗaya ba. Da yawa ba a ma gano su, musamman 'ya'yan baƙi irinmu, da ke tsoron duk wata takarda mai tambayar inda kake kwana. Na san 'yan Afirka ta Yamma a Bronx da iyali biyu ke cunkushe a gida ɗaya, in takardar ta zo su rubuta lafiya lau, su yar da haƙƙin 'ya'yansu saboda irin kunyar da muka taho da ita daga gida. Yaran da nake ɗauka kuma wasu kan shafe fiye da awa a hanya, su isa a gajiye, fashinsu ya fi na sauran. Ƙasa mai wannan arziki tana jigilar yaro daga wannan masauki zuwa wancan, ba abin yabo ba ne.

Amma abin da ya fi amfani a dokar ba kuɗi yake ci ba, shi ya sa nake ganin ba mu da uzuri. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Filato, wato SUBEB, na iya fitar da takarda shafi ɗaya: duk yaron da rikici ko ambaliya ko gobara ko korar mai haya ta raba da gida, a sa shi aji ranar da ya zo, da kayan gida in ba yunifom, a ɗage masa kuɗin PTA na shekarar, hedimasta ya kira takwaransa a waya ya tambayi ajin da yaron yake. Wasiƙar mai unguwa ko liman ko fasto ta isa shaida. Ba ma sai an jira gwamnati ba. Kaso mai yawa na 'ya'yanmu a Jos ta Arewa makarantun ƙungiyoyin addini da na masu zaman kansu suke zuwa. Izala a Jos aka kafa ta a 1978, tana da makarantu, Jama'atu tana da nata, coci-coci na da nasu, kuma kwamitin kowace makaranta na iya yanke wannan hukunci a zama ɗaya bayan la'asar.

Sannan a ɗora aikin a wuyan mutum guda a kowace makaranta. Ni da za a tambaye ni, malama zan zaɓa, dattijuwa 'yar unguwar, wadda za ta iya yin sallama ta shiga har tsakar gida ta zauna a tabarma da gwaggo, inda malami namiji zai tsaya a zaure a ce masa yarinyar ba ta nan. A rage mata darasi biyu a mako, a ba ta kuɗin keke da katin waya, a ce duk sunan da aka kira kwana biyar ba amsa, a miƙa mata shi kafin a ja layi.