Injin sit ɗin motocin alfarma na ci min tuwo a ƙwarya

Abin da ke ɓata min rai shi ne, mutum ya zuba dukiya ya sayi mota don kawai ta yi tafiya luf, sai ga ɗan abin da inji ke zaune a kai, wato injin sit, ya lalata komai. Ka tsaya a danja, sitiyari na karkarwa a hannunka, madubi na rawa. Ka sa giya, ka ji ƙum daga ƙasa.

A ƙaramar mota sau da yawa injin sit roba ce zalla da ƙarfe. A manyan motoci irin Mercedes da BMW da Audi kuwa, galibi akwai ruwa a cikinsa mai shanye girgizar inji, wasu har da wayar lantarki. Zafin inji na gasa robar kullum, baƙin mai in yana ɗiga yana cinye ta. Ran da ta tsage, ruwan ya tsiyaye, inji ya zauna daɓas. Sau da yawa ba wata fitila da za ta kama a gabanka ta gargaɗe ka, littafin sabis ma bai cika faɗin lokacin canza shi ba. Wannan rashin adalci ne!

Canjin kuma wani aiki ne. Wurin a matse yake, sai an tallafe injin an kwance kayan da ke kewaye kafin hannun makaniki ya kai. Kuma na dama da na hagu ake canzawa tare, a duba na giya. In ka yi jinkiri, salansa da tiyon ruwa su ma sun shiga uku.