Sadakar Gaban Kyamara da Darasin Dolly Parton

A makon jiya aka turo mini hoton bidiyon wani matashin mawaƙi da ya je rabon shinkafa a wata unguwa. Ya miƙa wa wata dattijuwa ƙullin da bai fi mudu biyu ba, ta yi masa addu'a, sai mai ɗaukar hoto ya ce murya ba ta fito ba, aka karɓe ƙullin daga hannunta, aka sa ta ta maimaita addu'ar. Tsohuwar nan ta yi jika da shi. 'Yan'uwana matasa, musamman ku da Allah ya ɗaukaka ta hanyar waƙa da fim, wannan ɗabi'a ta mayar da talaka kayan talla ta isa haka.

Ina so in ba ku labarin wata mawaƙiya, domin idan malami ya yi magana sai ku ce bai san harkar ba. Dolly Parton tana cikin manyan masu waƙoƙin karkarar Amurka da ake kira kantiri, kuma iyayenmu da suka saurari rediyo a shekarun baya sun san muryarta tare da ta Don Williams da Kenny Rogers. An haife ta a 1946 a gundumar Sevier ta jihar Tennessee, cikin gida mai ɗaki ɗaya a gindin duwatsu, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Talaucin gidan ya kai ga cewa da buhun garin masara mahaifinta ya biya likitan da ya karɓi haihuwarta. Kakanta na wajen uwa fasto ne, a cocinsa ta fara waƙa tana ƙaramar yarinya, kuma har yau ba ta ɓoye cewa da addu'a take tafiyar da al'amuranta. Washegarin ranar da ta gama sakandare a 1964 ta kama hanyar Nashville, cibiyar wannan kiɗa, kuma sai a 1967 da ta shiga shirin talabijin na Porter Wagoner sunanta ya fara zagaya ƙasar.

Da arziki ya zo, garinsu ta fara tunawa. A 1986 aka buɗe wurin shaƙatawa na Dollywood a yankin da ta taso, wanda ya zama wurin neman abincin dubban mutanen karkarar. Da ta ga yara suna yawan barin makaranta, sai ta sa ɗaliban wasu azuzuwa biyu kowa ya zaɓi aboki, ta yi alkawarin ba kowane ɗaya dala 500 idan su biyun suka kammala sakandare, kuma masu barin karatu a cikinsu suka ragu daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 6.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirin littattafai da ta kafa a 1995 mai suna Imagination Library, saboda mahaifinta, mutum mai kaifin basira wanda bai iya karatu da rubutu ba. Duk yaron da aka yi wa rajista, ana aika masa littafi kyauta ta gidan waya kowane wata, da sunansa a jiki, tun daga haihuwa har ya cika shekara 5. Ku lura da kyau: ba a tambayar abin da iyayen yaro suke samu. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka littafi iri ɗaya suke karɓa, don kada wani yaro ya ji cewa an ware shi saboda babu a gidansu. Shirin ya bazu zuwa Kanada da Birtaniya da Ostareliya da Ayalan, kuma a 2023 littattafan da aka raba sun haura miliyan 200. Galibin yaran nan ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, balle ta tsayar da su a layi su ɗaga littafi sama suna yi mata kirari.

To ku fa? Marayu goma za ku tara, ku ba su taliya, ku ɗauki fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ku ɗora waƙarku a kai. Za ku shiga asibiti ku haska majinyaci yana kwance ba ko riga, saboda kun biya masa kuɗin magani na kwana biyu. Na ga wanda kuɗin da ya biya masu ɗaukar hoto da 'yan rakiya ya ninka abin da ya raba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma wannan ba alheri ba ne, ciniki ne, kun sayi mutuncin bawan Allah da araha kun sayar wa mabiyanku. Gwano ba ya jin warin jikinsa, shi ya sa idan aka yi magana sai ku ce hassada ce, ko ku ce kuna yi ne don wasu su yi koyi. Wane koyi? Daren ranar za a gan ku a gidan biki kuna taka kuɗi da ƙafa wajen liƙi, gobe kuma kuna ƙofar ɗan siyasa kuna jiran mukullin mota, jibi kuna zagin juna a TikTok.

Ba ina cewa ku kwaikwayi shigar matar nan ba, kuma ba a ɓoye take duk abin da take yi ba, domin mai suna irin nata ba ya ɓuya. Lokacin da gobarar daji ta cinye gidaje a yankinsu a 2016, ta fito fili ta nemi gudummawa, aka riƙa ba iyalai kusan 900 dala 1,000 kowane wata, aka rufe da dala 5,000. A 2020 ta ba asibitin Jami'ar Vanderbilt dala miliyan 1 don binciken cutar korona. Sai dai da 'yan majalisar jiharta suka kawo shawarar kafa mata mutum-mutumi a 2021, ita da kanta ta roƙe su su janye. Littafin addininta ya ce kada hannun hagu ya san abin da dama ta bayar, mu ma hadisi ya zo mana da haka, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Yawancinku kun haddace wannan tun kuna Islamiyya.

Ku ji tsoron Allah, ku nemo hanyar da taimakonku zai ɗore, ku bar kyamara a gida. Mu da muka taso a zamanin ciyayya mun san yadda ake yi: bayan magariba uwa za ta rufe kwano da faifai, ta ce wa yaro ya kai gidan wane, kuma idan ya kuskura ya faɗa wa abokansa abin da ya kai, ranar zai sha bulala. Attajirin unguwa yakan biya wa maƙwabci kuɗin haya shekara da shekaru, ba a sani ba sai ranar jana'izarsa. Yanzu yaran da aka yi wa wannan tarbiyya su ne suka haifi masu ɗaukar hoton mabukata, kuma babu dattijon da yake iya kiransu zaure ya tsawata musu, domin shi ma an sa sunansa cikin masu karɓa.