Tsibiran Pasifik: ƙasar da masu rai suka gina, su ne kuma ke riƙe da ita

Tun daga 2021, lokacin da ministan harkokin wajen Tuvalu, Simon Kofe, ya tsaya cikin teku sanye da kwat, ruwa har gwiwarsa, ya aika wa taron sauyin yanayi na Glasgow jawabinsa, kusan duk labarin da ake bayarwa a kan ƙananan tsibiran tekun Pasifik ya koma labarin nutsewa. Maganar tana da tushe, domin wurin da ya fi tudu a duk ƙasar Tuvalu bai kai mita 5 daga fuskar teku ba. Sai dai ina ganin wannan labari ya rufe wani abu da ya fi shi muhimmanci wajen neman mafita, wato cewa ƙasar waɗannan tsibirai halittu masu rai ne suka gina ta, kuma har gobe su ne suke yi mata yaɓe. Wanda duk yake son tsibirin ya daɗe, tilas ya fara da kare maginansa.

Asalin al'amarin a ƙarƙashin teku yake. A wasu wurare narkakken dutse yana huda ɓawon ƙasa ya yi ta taruwa har ya ɓullo saman ruwa ya zama tsibiri. Haka tsibiran Hawai suka samu: falalen ƙasar da tekun ke bisa kansa yana jan ciki zuwa arewa maso yamma da 'yan santimitoci kowace shekara, mahudar wutar kuwa tana nan inda take, shi ya sa tsibiran suka jeru kamar carbi, babban tsibirin da ke kan wutar bai cika shekara miliyan 1 ba, tsibirin Kauai kuwa da ya yi nisa da ita ya kai shekara miliyan 5. Da zarar dutse ya rabu da wutar sai ya huce, ruwan sama ya riƙa zaizaye shi, nauyinsa kuma ya riƙa jan sa ƙasa. A wannan lokaci ne murjani, waɗansu ƙananan halittu masu gina wa kansu gida da farar ƙasa, suke kafa ganuwa kewaye da shi, kuma tun da ba sa rayuwa sai inda hasken rana yake kaiwa, dutsen yana nutsewa su kuwa suna ƙara gini bisa gawar iyayensu. A ƙarshe dutsen ya ɓace, a bar zoben murjani da tafki a tsakiya. Charles Darwin ne ya kawo wannan bayani a 1842, ba a kuwa tabbatar da shi ba sai a 1952, da Amurkawa suka haƙa rami a tsibirin Enewetak, suka ratsa murjani na fiye da mita 1,200 kafin su taɓa dutsen aman wuta.

Mutumin da ya duƙa a gaɓar irin wannan tsibiri ya ɗebi yashi a tafin hannunsa ba zai ga irin yashin kogi da ake gini da shi ba. Ɓarɓashin murjani zai gani, da ɓawon ƙananan halittun ruwa, da garin da wani kifi mai baki irin na aku yake fitarwa bayan ya gwaguyi murjani ya niƙe shi a cikinsa. Igiyar ruwa ce take kwaso wannan ta jibge a kan zoben. A ƙarƙashin yashin kuma ruwan sama yana kwanciya a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi sauƙi, daga nan ne rijiyoyi suke sha, a nan ne kuma mutanen Tuvalu suke haƙa ramuka su shuka pulaka, wani abinci mai kama da gwaza.

Rashin sanin wannan ne ya sa binciken da masani Paul Kench da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ba mutane mamaki. Sun kwatanta hotunan sama na tsibirai 101 na Tuvalu daga 1971 zuwa 2014, suka tarar faɗin ƙasar ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, duk da cewa teku yana hauhawa. Masu musun sauyin yanayi sun ɗauki sakamakon suna yayatawa, kuma a ganina sun karanta shi a baibai. Ƙarin yashi a wani lungu ba ya hana gishiri shiga ramin pulaka ko rijiyar unguwa. Abin da binciken ya nuna shi ne tsibirin yana iya motsawa da ƙaruwa muddin murjani yana raye yana samar da kayan gini, alhali kuwa masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi hasashen cewa ɗumamar digiri 1.5 kawai za ta rage murjanin duniya da kashi 70 zuwa 90 cikin 100.

Abin da ke kan tudu ma yana da hannu a cikin ginin. Duk mai rai da ya isa tsibiri mai nisa kafin zuwan ɗan Adam, iska ce ta kawo shi, ko igiyar ruwa, ko fiffike, kuma da yake ya tarar da fili babu abokin gaba, sai ya rikiɗa ya zama wani abu da babu irinsa a ko'ina, ya kuma manta da kariyar kai. A Hawai, tsuntsu iri ɗaya ya haifar da fiye da iri 50, mafi yawansu kuwa sun ƙare, musamman bayan sauro ya sauka daga jirgin ruwa a 1826 ya shiga yaɗa musu zazzaɓi. A Guwam, macijin bishiya da ya shigo cikin kaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye mafi yawan tsuntsayen daji, har dajin ya yi tsit. A tsibirin Moreya an kawo wani dodon koɗi mai cin 'yan uwansa a 1977 don ya kashe babban dodon koɗin Afirka da ke ɓata gonaki, sai ya afka wa ƙananan na tsibirin, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na Palmira, wani zoben murjani da ke kimanin kilomita 1,600 kudu da Hawai. Tsuntsayen teku suna kiwo a can cikin ruwa mai nisa, su dawo su kwana a kan manyan itatuwan asali, kashinsu ya zama taki, kamar yadda manomi ke roƙon makiyayi ya zaunar masa da garke a gona. Takin yana ciyar da daji, ruwan sama ya wanke saura zuwa gaɓa, ƙananan halittun ruwa su yawaita, manyan kifaye su biyo su. Ɓeraye sun yanke wannan sarƙa, domin suna cin ƙwai da 'yan tsaki da irin itatuwa. A 2011 aka kawar da su gaba ɗaya, kuma cikin shekara 5 tsiron itatuwan asali da ake ƙirgawa ya tashi daga ƙasa da 150 zuwa sama da 7,000, wani nau'in sauro ma da ke shan jinin ɓerayen ya ɓace tare da su.

Ban ɓoye cewa aikin yana da tsada da haɗari ba. A 2011 ɗin ma an zuba tan 75 na abinci mai guba daga sama a tsibirin Henderson, inda ɓeraye suke kashe dubban 'yan tsakin tsuntsayen teku kowace shekara, amma 'yan ƙalilan da ba su kai 100 ba suka tsira, ba da daɗewa ba kuwa suka sake cika tsibirin. Masu cewa kuɗin ya fi dacewa da ganuwar siminti suna da hujja a inda asibiti ko filin jirgi yake bakin ruwa. Amma ganuwa tana tare igiyar da ke kawo yashi, kuma daga ranar da aka gama ta take fara lalacewa, daji da murjani kuwa suna gyara kansu in an ɗauke musu abin da ke cutar su. Saboda haka ina ganin kuskure ne a riƙa ware kuɗin sauyin yanayi daban, na kare halittu daban, a bar binciken kayan jiragen ruwa a tashoshi ba tare da ma'aikata ba.

Nauru, wata ƙaramar ƙasar tsibiri a Pasifik, ta nuna inda ake ƙarewa idan aka ɗauki tsibiri a matsayin rumbun da za a kwashe. Faɗinta murabba'in kilomita 21 ne, kuma tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar fosfet ɗinta, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, ana kai wa gonakin Ostareliya da New Zealand, har kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya koma tsirarun duwatsu masu tsini da ba a noma ba a zama, abin da zai tuna wa wanda ya san ramukan kuza na Jos wani abu. Mutanen Banaba maƙwabciyarta, inda nan ma aka haƙi fosfet, kwashe su aka yi zuwa tsibirin Rabi na Fiji a 1945. Nauru ta kai Ostareliya kotun duniya a 1989 kan wannan ɓarna, aka sasanta a 1993, amma tsakiyar tsibirin har yau kufai ce. Abin da ya fi damuna shi ne a 2021 ita Naurun ce ta matsa wa hukumar duniya mai kula da ƙasan teku lamba ta gaggauta fito da dokokin haƙar ma'adinai a ƙasan Pasifik, a zurfin kimanin mita 4,000, inda mafi yawan halittun da masu bincike suke tsamowa ba a ma raɗa musu suna ba tukuna.