Shi ya samu suna, su suka biya kuɗin

Duk inda aka yi maganar Karl Ove Knausgård, marubucin nan ɗan ƙasar Norway, sai mutane su rabu gida biyu: masu cewa gwani ne na gaske, da masu cewa mai tonon asirin gida ne kawai ya dace da kasuwa. Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiya, amma maganar na biyun ta fi tsaya mini a rai.

An haife shi a Oslo a 1968, ya tashi a tsibirin Tromøy kusa da Arendal. Littafinsa na farko ya fito a 1998, ya kuma ci kyautar masu sharhin adabi ta ƙasar, wadda ba a taɓa ba wa sabon shiga ba kafin shi. Na biyu ya zo a 2004, a kan mala'iku. A shekarar da na farkon ya fito ne mahaifinsa ya mutu bayan giya ta gama cin ƙarfinsa. Ya daɗe yana ƙoƙarin mayar da wannan mutuwa ƙagaggen labari, abu ya ƙi. Daga ƙarshe sai ya ajiye ƙage, ya rubuta rayuwarsa yadda yake tuna ta, mutane da yawa da sunayensu na ainihi.

Haka aka samu Min Kamp, wato Gwagwarmayata: juzu'i shida tsakanin 2009 da 2011, shafi sama da 3,500. Sunan iri ɗaya ne da na littafin Hitler, kuma yana sane, don a juzu'i na shida ya ɓata kusan shafi 400 a kan Hitler ɗin. A ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyar da wani abu ba, an sayar da kusan kwafi rabin miliyan.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, mutumin ya iya rubutu. A juzu'i na farko, shi da yayansa sun isa gidan kakarsu a Kristiansand, inda uban ya ƙarasa rayuwarsa. Kwalabe ko'ina, har kan matakala. Tufafi sun ruɓe a jibge, wari ya cika ɗakuna, tsohuwar tana zaune a rikice, tana maimaita labari ɗaya. Suka ɗauko bokiti da sabulu suka hau goge gida, ɗaki bayan ɗaki, shi yana yi yana kuka saboda uban da ya tashi yana jin tsoronsa. Babu wata kwalliyar magana a wurin, amma da wuya ka karanta ka tashi yadda ka zauna. (Akwai kuma shafuka masu yawa a kan shan kofi da tura keken jarirai a Stockholm. Waɗannan kam sai mai haƙuri.)

To amma wa ya ba shi izinin nuna tsohuwar nan a wannan hali? Ƙanin mahaifinsa ya yi barazanar kai shi kotu, ya ce abin da aka rubuta ba haka ya faru ba. 'Yan'uwa goma sha huɗu suka sa hannu a wata wasiƙa a jaridar Klassekampen, suka kira littafin adabin Yahuza, wato na cin amana. Matarsa ta farko sai da ta yi shiri a rediyo don a ji nata ɓangaren. Ta biyu, Linda Boström Knausgård, ta ga rigimar aurensu da ciwon da take fama da shi a hannun dubban masu karatu. Ta kwanta asibiti, shi kuma ya saka kwanciyar a juzu'i na shida. Auren ya mutu a 2016.

Masu kare shi suna cewa rayuwarsa ce, yana da ikon rubuta ta. Nan nake rabuwa da su. Babu wanda ya yi ƙuruciyarsa shi kaɗai. Duk abin da ka tuna na gidanku, akwai wani a ciki, kuma shi ma nasa ne. Gaskiya ne ya aika wa mutane rubutun kafin a buga, ya canja wasu sunaye, ya kuma fi kowa tona wa kansa asiri a littafin. Sai dai shi ya zaɓi tsiraicinsa, aka kuma biya shi da kyaututtuka da fassara a harsuna da dama. Su fa?

Ban ce a rufe komai ba. Uban da ya razana 'ya'yansa bai cancanci a yi masa shiru don kawai ya mutu ba, kuma rufin asiri ya sha zama mafakar azzalumai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa mai laifi da wanda kawai ya faɗo cikin hoton.

Knausgård ya rufe juzu'i na shida da cewa ya daina zama marubuci. Bai daina ba: yana zaune a Landan, kuma tun 2020 ya koma ƙagaggun labarai da littafin Morgenstjernen, wato Tauraron Asubahi, da waɗanda suka biyo bayansa. Linda marubuciya ce, a 2019 ta fitar da nata littafin a kan zamanta a asibiti, da bakinta. Kakar kuwa ta rasu tun kafin a buga juzu'i na farko, ba wanda ya tambaye ta.