An bar jaki ana dukan taiki a kan sunan tsofaffi

Makon jiya wata ƙungiya ta dawo mini da rubutun da ta roƙe ni in yi mata kan lafiyar tsofaffi. Duk inda na rubuta "tsofaffi" an soke, an sa "masu manyan shekaru". Tsohuwa guda da na ambata an mayar da ita "mace mai yawan shekaru". A gefen shafi kuma aka bar mini ɗan bayani cikin ladabi, wai kalmar tsoho tana ƙasƙantar da mutum, kuma wai in cire sakin layin da na yi maganar kurumta da makanta, domin taken da ake yayi yanzu shi ne tsufa ba nakasa ba ne. Na gode musu, na janye rubutuna.

Na san inda suka kwaso wannan. Tun 1969 wani likita Ba'amurke, Robert Butler, ya raɗa wa wariyar da ake nuna wa mutum saboda shekarunsa suna, ya jera ta da wariyar launin fata. Daga nan Turawa suka shiga tankaɗe da rairayar kalmominsu. Mujallar ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sauya salon rubutunta a 2017, kamfanin dillancin labarai na AP ya bi sahu a 2020. A watan Afrilun 2025 kuma Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a fara tsara yarjejeniya ta musamman kan haƙƙin tsofaffi, shi ya sa zancen ya sake tashi. Su Turawan suna da dalilinsu, kalmar da suka guje wa a harshensu ta daɗe da ɗaukar warin rauni da tausayi. To mu me ya kai mu aron ciwon wani?

Saurayi zai ce maka bari in je in gaida tsohuwata, kuma babu wanda ya fi shi son uwarsa a lokacin da ya faɗi haka. Kalmar ba ta da laifin komai. Idan mutum ya ce "tsohon banza", banzan ne zagin. Masu cewa a koma "dattijo" su ma ba su zauna sun yi tunani ba. Dattako hali ne. Ana samun ɗan shekara 40 da ya yi dattako, ana samun mai furfura da bai taɓa yinsa ba. Ranar da muka raba wa duk wanda ya kai 60 wannan suna kamar katin zaɓe, mun kashe kalmar, mun rasa abin da za mu kira mutumin kirki da shi. Amma "masu manyan shekaru", wannan kam kalmar takarda ce, ban taɓa jin wanda ya dubi idon mahaifinsa ya kira shi da ita ba.

Kuma ai mun riga mun gwada wannan dabara a kan wasu bayin Allah. Da ana cewa nakasassu, aka ce kalmar ta yi kaushi, aka koma masu buƙata ta musamman, wasu suka ƙara gaba suka ce masu lalura ta musamman. A tambayi mai keken guragu matakala nawa aka rushe masa saboda sauyin sunan. Raini yana bin mutum ne ya same shi a sabon sunansa, kafin shekara goma a sake neman wani.

Wa ma ya ce tsufa daga 60 yake farawa? Lissafin baitulmali ne ya ja layin. Lokacin da shugaban gwamnati Bismarck ya kafa fansho a Jamus a 1889, shekara 70 ya yanka, sai a 1916 aka sauko da shi 65. A 2017 masana tsufa a Japan suka ba da shawara a daina ƙirga mutum cikin tsofaffi sai ya kai 75. Layi ne da ake matsar da shi idan aljihun gwamnati ya buƙata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne taken nan na tsufa ba nakasa ba ne. Rabinsa gaskiya ne, kuma zan ba su rabin. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa sama da kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka kai 60 suna da wata nakasa, ke nan kusan rabi lafiyarsu lau, suna aiki, suna tuƙi, suna riƙe da gidaje. Duk wanda ya ga furfura ya fara ɗaga murya kamar yana magana da kurma, ko ya juya ya tambayi ɗan rakiya "me ke damunsa?" alhali mai jikin na zaune, ya yi rashin kunya. Amma ɗaya rabin fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 60 suna da raunin ji da ya kai matsayin nakasa. Waɗannan su aka ce in goge daga rubutuna don kada su ɓata wa taken kyau.

Ku saurari abin da taken yake faɗa a ƙarƙashin harshe. Cewa yake yi kada ku haɗa mu da waɗancan. Wato nakasa abin kunya ce, tsoho mai mutunci shi ne wanda bai kamu da ita ba. Shi ya sa kullum hoton da ake nuna mana shi ne irin na Fauja Singh, wanda ya kammala gudun fanfalaki a Toronto a 2011 yana da shekara 100. Allah Ya ba shi, mun yi masa murna. Sai dai tsohuwar da amosanin gaɓɓai ya hana ta sauka daga gado, idan ta ga wannan hoto, abin da za ta fahimta shi ne ita ce ta gaza. Don a wanke tsofaffi an watsa wa nakasassu ruwan dauɗa, an kuma haɗa da tsofaffin da suka fi kowa buƙatar a kula da su.

Yarjejeniyar haƙƙin nakasassu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 ta fi masu taken nan hankali. Ta ce nakasa tana faruwa ne inda raunin jiki ya ci karo da shingen da al'umma ta gina, ko na gini ko na hali. Matakalar da ta hana matashi mai keke shiga banki ita ce ta hana tsoho mai ciwon gwiwa. Rubutun jikin kwalbar magani da aka yi ƙanana ya cuci mai raunin gani, ko shekararsa 19 ko 79. Tsohon da aka koya masa ƙyamar kalmar nakasa zai ƙi na'urar ji, zai ɓoye sandarsa, ba zai nemi haƙƙin da doka ta ba shi ba, don kada a ce ya shiga layin nakasassu.

Idan faɗa a kan kalma ake so, akwai wadda ta cancanci faɗan, kuma a ɗakin likita ake furta ta: "Ai tsufa ne, Baba, sai haƙuri." Da wannan jimla ake sallamar mutumin da yanar ido ta rufe masa gani, alhali tiyata ce ta ƙasa da awa guda. Da ita ake sallamar mai ciwon damuwa da mai ciwon suga da ba a auna ba. Abin da muke kira gigin tsufa, mu yi dariya mu wuce, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke damun sama da mutum miliyan 55 a duniya, kuma likitoci sun daɗe suna nanata cewa ba dole ba ne duk wanda ya tsufa ya same ta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma mu a ranar ganin likita muke lulluɓe cuta da sunan tsufa.

Wannan faɗan an taɓa yinsa, kuma an ci nasara. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara sabon kundin cututtuka, ICD-11, ta sa "tsufa" a ƙarƙashin lamba MG2A, a cikin jerin alamomin da likita zai iya rubutawa. Likitocin tsofaffi da na ƙwaƙwalwa daga ƙasashe da dama suka yi ca, suka ce idan aka bar wannan, malalacin likita ya samu mafaka. Aka sauya shi zuwa raguwar ƙarfin jiki da ke da alaƙa da tsufa, a daidai lokacin da kundin ya fara aiki a 2022. Duk da haka a shekarar, takardar mutuwar Sarauniyar Ingila Elizabeth, mai shekara 96, "tsufa" kawai ta ce. Ita dai an san ba a bar ta babu bincike ba. Talakan da aka rubuta masa haka yana da rai, shi ne abin ji.

Za su kawo mini binciken Becca Levy ta Jami'ar Yale na 2002, wanda ya bi mutum 660 ya gano cewa masu kyakkyawan zato ga tsufansu sun fi sauran daɗewa a duniya da shekara bakwai da rabi. Na karanta. Abin da aka auna shi ne yadda mutum yake ganin kansa, ba kalmar da edita ya zaɓa ba, kuma ban ga yadda za ka sa mutum ya so tsufansa ta hanyar nuna masa cewa ko sunansa ba a iya furtawa ba.

Abin yi ba shi da wuya. A tambayi mutum yadda yake so a kira shi, a kira shi haka. Takardun asibiti da na tallafi su riƙa tambayar ko yana ji, yana gani, yana iya tafiya, su rage dogaro da ranar haihuwa. Nan da 2030 waɗanda suka kai 60 za su kai biliyan 1.4, nan da 2050 biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi za su kasance, inda na'urar ji ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Masu rubuta sabuwar yarjejeniyar a Geneva suna da wannan a gabansu. Ina nan ina jira in ga zama nawa za su ƙarar a kan kalmar da za a sa a bangon littafin.