Wa ya ba ku izinin ɗaga katifar matar mutum?

A unguwarmu nan Tawa, da dare masu kaki suka buga ƙofar maƙwabcina, wai suna neman babur ɗin sata. Ba sallama, ba takarda. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku bari iyali su suturta," aka ture shi gefe. Suka shiga har ƙuryar ɗakin uwargida, suka ɗaga katifa, suka zazzage akwati a gaban 'ya'yanta. Babur a cikin akwatin zannuwa? Ba su sami komai ba, kuma ko "yi haƙuri" ba wanda ya ce da dattijon.

Abin da ya fi ƙona mini rai tambayoyin da suka biyo baya. Sun ga gemu, sun ga littattafai, sai aka koma wane masallaci kake salla, ɗan Izala ne kai ko ɗan ɗariƙa, wa'azin wa kake saurare, buɗe salularka mu gani. Ina ruwan hukuma da masallacin da mutum yake kai goshinsa ƙasa? Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010 ya raba hukuma da addini a ƙudurinsa na 3, ya ce a na 27 gidan mutum hurumi ne, ba a bincike cikinsa sai ta hanyar da doka ta shimfiɗa, na 29 kuma ya kare sirrin saƙonni. Za a ce mini ai an jingine shi tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. To, an jingine mutuncin mutane ne tare da shi? Dokar bin bahasin laifi tana nan, ta ce a yi bincike a gaban mai gida ko shaidu, a rubuta abin da aka ɗauka. Tun kafin a san wani tsarin mulki ma, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, kuma waɗannan samarin da ita aka rene su.

Ba mu manta da halin tsaro ba. Mu ne muka yi makokin mutanen da aka kashe a ƙauyukan Tillia a Maris 2021, 'ya'yanmu ne kuma ke cikin kakin. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a Tillia da Tassara tun 2017 tana da dalilinta, tana kuma da iyakar inda take aiki. Ba lasisi ba ce da kowane ƙaramin jami'i zai sa aljihu ya shiga da ita duk gidan da ya ga dama, ko ya tsare matafiyi a hanyar Ƙonni yana karanta saƙonninsa da matarsa har sai jika ɗaya ta fito.

Kuma talaka kaɗai ake yi wa. Gidan mai katanga da mai gadi, a waje ake tsayawa ana jiran Alhaji ya tashi daga barci.

Ga shi kullum a rediyo ana roƙonmu mu taimaka wa jami'an tsaro da labari. Wanda aka tozarta iyalinsa jiya, da wane ido zai je ya kai rahoto gobe? Shugabannin jami'an nan su ja kunnen yaransu: wanda zai shiga gida ya faɗi sunansa, ya nuna izininsa, a kira mai unguwa ya tsaya, ɗakin mata kuma a turo jami'a mace.