Kun kira dattijo kun mai da shi rediyo

Waɗanda suka ga status ɗina na ranar Lahadi kun riga kun san inda na je, to yau dai sai na amayar da abin da ke raina don har yanzu bai sake ni ba. Wulaƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ka ɗauko dattijo ɗan shekara saba'in da ɗoriya, ka zaunar da shi a lungu dab da ƙofar kicin da jitarsa, sannan ku juya masa ƙeya kuna ta zuba kuna ƙarar cokula kamar an kunna rediyo a teburin mai shayi. Kai ko a teburin mai shayi in aka sako Shata ai ana ɗan yin shiru.

Wai shi brunch, kalacin ƙarfe sha ɗaya na masu hannu da shuni, shi ba karin kumallo ba shi ba abincin rana ba, a wani gidan baje zane-zane nan birnin Memfis na Amurka, ga mai kiɗan blues, wato kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, ga zanen talakawan karkara a bango, kujera dala 45. Sannunku da ƙoƙari masu kishin al'ada. Bawan Allah nan ya zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsa yana jan shi a kan tsirkiya, jitar tana kuka kamar goge, idonsa a rufe, ƙafarsa na dukan katako, ita kuwa matar da ke teburin gabana labarin likitan karenta take ba ƙawarta. Ya kai ƙarshen waƙa sai da aka jima kafin wani ya farga ya tafa. Na leƙa bokitin da ya ajiye a gabansa, 'yan dala ɗai-ɗai ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Wani ya biyo ni inbox wai ai an biya shi. To sai me? Kuɗin kiɗa aka biya ko kuɗin a yi banza da shi? Wani kuma malamin tarihi wai dama blues a gidajen rawa na jihar Misisipi ya tashi, ana ci ana sha ana hayaniya. Naji. Amma can amsa masa ake yi, a tashi a taka, a yi ihu in ya sosa inda ke ƙaiƙayi. Waccan hayaniya tare da shi ake yinta, wannan kuwa a kansa aka yi.

Kuma abin haushin, kowa ya tsaya gaban bango yana gyaɗa kai yana ɗaukar hoto, wai zanen ya ratsa shi. Kun san su wa suka share fagen irin zanen nan? Bill Traylor cikin bauta aka haife shi a Alabama, sai wajen 1939 yana da shekara tamanin da wani abu ya fara zane a kan kwalayen da aka yar a titin Montgomery, ya mutu 1949 a talauce, kabarinsa ma ya daɗe ba ko alama, amma a 2020 an sayar da zanensa guda sama da dala dubu 500. Son Thomas na garin Leland a Misisipi haƙar kabari yake yi, yana kiɗan blues, yana gina ƙoƙon kan mutum da yumɓu har ya dasa masa haƙoran gaske. Sai sun mutu ku rataye su a bango kuna shan lemo a ƙarƙashi. Ga mai rai a gabanku, kun ƙi ba shi kunne na minti huɗu.

Tsakani da Allah abin ya taɓa ni ne don Ɗan Maraya Jos ya faɗo min, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Yaran Misisipi ma da haka da yawa suka fara, wayar tsintsiya ɗaya a kafe a jikin bangon ɗaki. Mu dai a gida makaɗi in ya zo ana tashi a yi masa liƙi, ko ba ka da ko sisi ka saurara. Da aka watse na je na durƙusa na gaishe shi, na sa abin da ya sawwaƙa a bokitin, na ce Baba ka yi haƙuri da mutanen nan. Ya yi dariya yana naɗe wayar sifika, ya ce ya saba. Wlh gara ma ya zage su.

Af, sannan abincin. Abin da suke ta kurantawa wai shi grits, jama'a tsakin masara ne fa, tsaki, irin wanda Inna ke dama mana fate da shi ragowar a watsa wa kaji. An ɗora masa jatan lande huɗu da man shanu, ba yaji ba daddawa ba ko ganyen yakuwa. Duk mai zuwa Amurka cikin watan nan don Allah ya taho min da yajin ƙuli, nawa ya ƙare tun azumi.